Asibiti ko gona: hanyoyi biyu ga ɗan Zangon da ya karanci kimiyyar halittu

A shekarar 1902 wani likita a Landan, Archibald Garrod, ya yi rubutu kan wasu mutane da fitsarinsu ke komawa baƙi idan ya sha iska. Da wuya a ga mai wannan cutar, amma ya lura da yawa daga cikin masu ita 'ya'yan auren zumunci ne. Daga nan ya gane gadonta ake yi, kuma ba ta bayyana sai uwa da uba duk sun bayar. Bayan shekara uku, a Kambirij, Rowland Biffen ya haɗa alkama mai jure cutar tsatsa da wadda ba ta jurewa. A zuriya ta biyu, kusan ɗaya cikin kowace huɗu ta fito da juriyar. Lissafin da Garrod ya gani a jikin mutane shi Biffen ya gani a gona, kuma shi ne wanda Mendel ya wallafa tun 1866 bayan gwajinsa da wani nau'in wake.

Shi ya sa yaron Aboabo ko yarinyar Sawaba, unguwannin Zango a Kumasi, da suka gama digirin farko a kimiyyar halittu a Tech (jami'ar KNUST ta Kumasi), ko a Legon (Jami'ar Ghana a Accra), sukan tarar da ƙofa biyu a gabansu. Ɗaya ta nufi cututtukan gado da ba kasafai ake ganinsu ba a yara da manya. Ɗayar ta nufi samar da irin shuka mai jure cuta. A ɗakin gwaje-gwaje aikin kusan ɗaya ne: a tsamo DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, a ninka ta a na'ura, a karanta jerinta, a zauna gaban kwamfuta ana neman inda harafi ɗaya ya sauya. Wanda ya iya yi da jini zai iya yi da ganye. Rabuwar tana zuwa ne bayan sakamako ya fito, kuma a ganina nan ya kamata mutum ya tsaya ya auna kansa tun kafin ya cike takardar neman gurbi.

Mai aikin iri yana da ikon da ba a ba likita ba. Shi ke zaɓar wane iri zai haɗa da wane. Yana iya shuka tsiro dubu, ya sakar musu cutar da gangan, ya tuge duk wanda ya kamu, ya ajiye biyar, baɗi ya sake. Mai aikin cututtukan mutane kuwa yaro ɗaya ne a gabansa, ga uwa tana jira, ba a maimaitawa, ba a zubarwa. Abin da ke hannunsa shi ne ya gano sunan cutar, ya faɗi gaskiya ta yadda za a iya ɗauka, ya nemi abin da zai rage wahala, ya bar wa iyali hukuncin abin da ya shafi aurensu da haihuwarsu.

Ghana ta taɓa ganin abin da ke faruwa idan aka ɗauko dabarar gona aka ɗora wa mutane. A Adamorobe, wani ƙauye a gindin tsaunukan Akuapem, kurame sun yi yawa har garin na da nasa yaren hannu. A 1975 sarkin garin ya hana kurma ya auri kurma. A 1998 masu bincike suka gano sauyi guda a wata ƙwayar gado mai suna GJB2 ne sanadin. Ita ma ɓoyayyiya ce, wato masu ji da kunnensu suna ɗauke da ita ba su sani ba, don haka dokar ba ta da yadda za ta fitar da ita daga garin. Sai dai ta hana mutane auren waɗanda suke so. Daga baya aka gano wannan sauyin bai tsaya a Adamorobe ba: shi ke haddasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kurumtar da ke bin dangi a iyalan da aka gwada a Ghana. Duk wanda zai shiga wannan fage ya riƙe labarin nan, don wata rana dattijo zai kira shi gefe ya ce, "Ɗana, kai ka yi karatu, a ɗaura ko a fasa?"

A Turai ana kiran cuta mai wuyar samu idan ba ta kai mutum ɗaya cikin 2,000 ba. Irin waɗannan sun haura 6,000, kusan kashi 72 cikin 100 na gado ne, mafi yawansu kuma tun yarinta suke farawa. Idan aka tattara masu su a duniya sun kai kimanin miliyan 300. Kusan kashi 95 cikin 100 na cututtukan ba su da maganin da hukuma ta amince da shi. Wasu da aka samo wa magani kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin ma'aikatar lafiya, balle magidanci. Zolgensma, maganin cutar shanyewar tsoka ta jarirai, ya fito a Amurka a 2019 a kan sama da dala miliyan biyu. Casgevy, da ke gyara ƙwayar gado ga masu sikila, an amince da shi a Birtaniya da Amurka a ƙarshen 2023, shi ma farashinsa ya haura dala miliyan biyu.

Wanda ya tsaya a waɗannan alƙaluman zai ce aikin banza ne a ƙasa irin tamu. Ban yarda ba, domin rayukan da za a ceta a Zango mafi yawa ba sa buƙatar dala miliyan. Ga cutar rashin daskarewar jini, wadda nau'inta mafi yawa ke samun kusan namiji ɗaya cikin 5,000. Ta wajen uwa take biyowa. A wurinmu sau da yawa ranar da wanzami ya yi kaciya ake fara ganinta, jini ya ƙi tsayawa. Tambaya ɗaya kafin a sa aska, ko a cikin kawunnan yaron akwai wanda ya taɓa zubar da jini haka, tana iya sa a kai shi asibiti a gwada tukuna. Ga jaririn da aka haifa halittar maƙogwaronsa ba ta fitar da sinadarinta: idan an gano a makonnin farko, ƙwaya ɗaya mai araha kowace rana ta isa ya girma da ƙwaƙwalwarsa lafiya, idan an makara kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Ga kansar ido ta ƙananan yara, wadda alamarta ta farko takan zama farin haske a cikin ƙwayar ido, har a hoton waya ana iya gani. Tana cikin kansar yara huɗu da aka shigar cikin inshorar lafiya ta ƙasa. Ko kafur ɗin da iyaye mata ke sa wa cikin kayan jariri yana iya farfasa jinin yaron da ke da ƙarancin sinadarin G6PD, ya jawo masa ciwon shawara mai tsanani, kuma wannan ƙarancin ya yawaita a Ghana.

Mu kuma mun san me ake cewa idan ba a samu suna ba. Yaro ya kai wata takwas wuyansa bai tsaya ba, a ce musanya shi aka yi. Mace ta binne uku a jere, a ce wabi take yi, a fara kallon kishiya. Kuɗi su ƙare wajen masu magani, wani lokaci auren ma ya mutu. Ranar da wani ya zauna da su ya ce, da Hausar da suke ji, "Hajiya, ba laifinki ba ne, ba na Alhaji ba ne, kowannenku na ɗauke da rabi, kuma a kowane ciki damar ɗaya ce cikin huɗu," an yi aiki ko ba a ba da ƙwaya ba. Nan ɗan Zango ya fi abokan karatunsa. Bayanin da a Gee (asibitin Komfo Anokye na Kumasi) ko Korle Bu na Accra ake yi da Turanci ko Twi, ko ta bakin wani ɗan'uwa da aka jawo ya yi tafinta, shi zai yi shi kai tsaye. Ya kuma san yadda ake maganar auren zumunci ba tare da an zagi kakannin mutane ba. Gaskiyar lissafin ma ba ta kai yadda ake tsoratarwa ba: haɗarin haihuwar yaro da babbar naƙasa kimanin 3 ne cikin 100 a kowane aure, a auren 'ya'yan wa da ƙane ya kai kimanin 5 ko 6. Inda ake buƙatar natsuwa shi ne gidan da cutar ta riga ta bayyana, ko aka daɗe ana aure a cikin gida zuriya bayan zuriya.

Ɓangaren manya ya fi nauyi a zuciya. Cutar Huntington takan fara ne tsakanin shekara 30 zuwa 50, lokacin mutum ya riga ya haifi 'ya'ya, kuma kowane ɗansa na da rabin damar gadonta. Akwai gwaji, babu waraka. Saurayi ɗan shekara 25 zai zo yana tambaya ko ya gwada ko ya bari, kuma ba kai za ka zaɓar masa ba. Wanda bai iya kwana da irin wannan ba, kada kunyar sunan "aikin asibiti" ta ja shi.

Sikila ba ta cikin masu wuyar samu a nan, tunda kusan jarirai 2 cikin 100 ake haifa da ita a Ghana, amma a kanta aka gina duk abin da wannan fage ke taƙama da shi. A Kumasi marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai a 1995. A Legon yanzu akwai cibiyar WAGMC da ke koyar da digiri na biyu kan ba iyalai shawara game da cututtukan gado, ga cibiyoyin binciken cututtuka na WACCBIP da Noguchi, ga irinsu KCCR a harabar Tech. Duk da haka cikakken karatun DNA na mara lafiya sau da yawa sai an aika jini waje, a jira watanni, kuma ba kowane lokaci amsa ke fitowa ba.

A gona kuwa, cutar ba ta ɓuya, kuma asararta ana lissafa ta da tan. Cutar kumburin reshen koko, wanda ake cakulan da shi, an fara ba da rahotonta a 1936 a yankin Gabas, kuma ita ta sa aka kafa tashar binciken koko ta Tafo, a yankin na Gabas, a 1938. Bairas ne da wasu ƙananan ƙwari farare ke ɗauka daga itace zuwa itace. Har yau babu feshin da ke warkar da itacen da ya kamu, sai sarewa, kuma an sare sama da miliyan 200. Kokon Ghana ya haura tan miliyan ɗaya a kakar 2020/21, ya faɗo zuwa kusan rabin haka a 2023/24. Galamse (haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba) da yanayi da fasa-ƙwauri duk suna ciki, amma cutar na kan gaba. Shekara kusan casa'in ana nema, abin da aka samu irin da ke daurewa ne, ba wanda ba ya kamuwa ba. Haka kwakwa: cutar da aka fara gani a 1932 a wajen Keta ta bi gaɓar teku ta bar kututture tsaye ba kai.

Akwai kuma inda aka ci nasara, kuma abin sha'awa, daga gonakin talakawa aka samo ta. A 1975 kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta cinye kimanin hekta 700,000 a arewacin Najeriya, tana cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa a Kano. Juriyar da ake sa wa sababbin iri an samo ta ne tun shekarun 1950 a gyaɗar manoman iyakar Burkina Faso da Kodebuwa. Ƙwayar gadon da ke kare rogo daga cutar murɗewar ganye, a rogon gargajiya na Yammacin Afirka aka same ta. Masarar Obatanpa da cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua ta fitar a 1992, mai ingantaccen sinadarin gina jiki da jure cutar zanen ganye, ta bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama. Wannan shi ne daɗin aikin: abin da ka fitar yana iya shiga tukunyar mutum miliyan da ba su taɓa jin sunanka ba.

Sai dai cuta ma ba ta zauna ba. Tun shekarun 1940 Harold Flor ya nuna cewa kowace ƙwayar juriya a shuka tana da kishiyarta a jikin cutar, kuma ranar da cutar ta sauya tata, juriyar ta faɗi. Haka aka yi da tsatsar alkama da ake kira Ug99, da ta ɓulla a Yuganda a ƙarshen shekarun 1990 ta karya kariyar da duniya ta dogara da ita shekara da shekaru. Shi ya sa yanzu ake tara ƙwayoyin juriya da yawa a iri ɗaya. Aikin ba ya ƙarewa, wanda ga mai neman abin yi ba mugun labari ba ne.

Farashinsa lokaci ne da rana. Masara a kudu ana iya shuka ta sau biyu a shekara, don haka ɗalibi na ganin ci gaba. Sabon irin rogo ta tsohuwar hanya yakan ci shekara takwas zuwa goma. Koko sai ya shekara uku zuwa biyar kafin ya yi 'ya'ya, kafin ma a fara auna shi. Bayan haka sai gwaji a yankuna daban-daban, sai gonakin manoma, sai kwamitin ƙasa ya amince. Kuma bayan duk wannan mai sayar da gari ko mai waakye na iya cewa ɗanɗanon bai yi ba, iri ya mutu a sito. Wanda ya ɗauka zai zauna cikin sanyin na'ura da farar riga ya sake tunani: akwai takalmin roba, akwai ƙirga ganye da tsakar rana, akwai damina da za ta ƙi zuwa ta ɓata aikin shekara. Idan kuma ka bi ta sauya ƙwayar halitta, sai ka shirya wa gardama. Waken Songotra-T, mai kare kansa daga tsutsar da ke huda kwanso, hukumar ƙasa ta amince da shi a 2022, aka fitar da shi a 2024, bayan an daɗe ana ja-in-ja har gaban kotu.

Ta fuskar karatu hanyar gona ta fi miƙewa. Cibiyar WACCI da Farfesa Eric Danquah ya kafa a Legon a 2007 ta yaye sama da mutum 100 da digirin digirgir kan inganta iri, daga ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya da Nijar. Tech ma na koyarwa, ga Fumesua nan kusa a kan hanyar Accra. Wanda ya gama yana da ƙofofin da zai ƙwanƙwasa: cibiyoyin CSIR (hukumar binciken kimiyya ta ƙasa), Tafo, cibiyar binciken noma ta SARI a Nyankpala, ma'aikatar noma, kamfanonin iri, da cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, IITA a Ibadan da ICRISAT a Kano. Hausarsa ma ba ta faɗi ƙasa ba, don da ita zai yi magana da manomi daga Bawku har Maraɗi.

Hanyar asibiti rassa ne, kuma ba ɗaya suke ba. Wanda ke son ya duba mara lafiya ya rubuta magani dole sai ya yi karatun likita, yawanci shekara shida, da biyu na sanin makamar aiki, sannan ƙwarewa a fannin yara ko na manya. Digirin kimiyyar halittu kaɗai ba ya kai mutum can. Abin da yake buɗewa shi ne bincike, ɗakin gwaji, ko ba da shawara. Guraben kuma kaɗan ne, mafi yawa a manyan asibitocin koyarwa da jami'o'i, kuma da yawansu a kan tallafin waje suke, wanda ke zuwa ya tafi. Ana buƙatar ma'aikatan sosai, amma buƙata daban, albashi daban. Ga wani abu da ba a cika faɗa ba: wannan fannin ya fi saurin fitar da mutum ƙasar waje, wasu kuma don haka suke shigarsa.

A gida kam mun san wanda za a fi yi wa murna. A ce yarinya na aiki a Gee, kowa a layi ya ji daɗi. A ce an tura ta tashar bincike a arewa tana auna gyaɗa, sai goggo ta tambaya duk bokon nan noma ya koma? Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mace, musamman idan maganar aure ta taso, kuma gara a zauna da iyaye tun da wuri a yi ta a fili.

Idan ni aka tambaya, ga wanda gidansu ke jiran albashinsa, mai son lissafi da aikin fili, wanda jira ba ya gundurarsa, gona zan nuna masa ba tare da jinkiri ba. Ta fi faɗi, ta fi tabbas, kuma sakamakon na hannunsa fiye da na ɗan'uwansa. Asibiti zan bar wa wanda mutane ke kawo wa damuwarsu tun yana ƙarami, mai iya sauraro, mai iya faɗin "babu magani" ba tare da ya gudu ko ya yi ƙarya ba, kuma wanda zai iya jure 'yan shekaru na rashin tabbas. Irin waɗannan ba su da yawa, amma ko 'yan kaɗan masu jin Hausa a Kumasi da Accra za su sauya abubuwa da yawa a Zango. Wanda har yanzu bai san inda ya dosa ba, ya ƙarfafa ilimin nazarin DNA ta kwamfuta da lissafin ƙididdiga, don su ne ke tafiya da mutum ko'ina, kuma da su ake iya tsallakawa daga wannan fage zuwa wancan. Tsallakawa daga jini zuwa ganye ya fi sauƙi, tunda komawa wajen marasa lafiya na buƙatar lasisi.

Shekarar bautar ƙasa ita ce wurin gwaji mafi araha. A nemi a yi ta a Fumesua ko Kwadaso, a tabbata an ga damina guda daga shuka har girbi, ko kuma a nemi izinin zama a sashen masu sikila a ranakun ganin likita, a ji yadda ake gaya wa uwa sakamakon jaririnta. Ƙungiyar Rare Disease Ghana Initiative na haɗa iyalan masu irin waɗannan cututtukan, musamman a ranar ƙarshe ta watan Fabrairu da duniya ta ware musu, kuma a can ake jin abin da littafi bai ƙunsa ba. Takardun neman tallafin karatu kuwa a fara tara su tun kafin a gama bautar ƙasar, tare da wasiƙar malami biyu da suka san aikinka da idonsu.